Abincin majami'a a Faransa: abin da na gaya wa ɗan yayata

Shekaranjiya da marece ɗan yayata ya zo daga Tawa ya same ni nan Yamai, bizarsa ta fito, zai tafi Liyon karatu. Ya tambaye ni rigar sanyi, ya tambaye ni kuɗin ɗaki, amma bai tambayi abinci ba. Na ce masa, zauna, ɗana, maganar ciki ita ce ta farko. Abin da na gaya masa nake so in gaya wa duk mai shirin tafiya, ko karatu ko bida.

A can babu mai ce maka "bismilla" don ka iske shi yana ci. Kuɗin da ka zo da su kuma suna narkewa da wuri, domin yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma jika goma da za ta riƙe ka kwanaki a Yamai yuro 15 ce kacal. Watana na biyu da zuwa Faransa, kafin takarduna su daidaita, burodi da shayi nake kwana da su. Wani dattijo ɗan Mali ne ya ga na rame, ya ja ni zuwa zauren wata majami'a a unguwarmu. Na tsaya bakin ƙofa ina jin nauyi. Ya ce, "Kai ba ɗan Tawa ba ne? Mutanenku nawa suka kwanta asibitin Galmi?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Asibitin mishan ne tun 1950, kakata ma can aka yi mata aiki, ta koma gida da sallarta.

Ciki na iske dogayen tebura da tsofaffin mata sanye da rigar girki, yawancinsu 'yan fansho masu aikin sa kai. A bakin ƙofa akwai ƙaramin akwati, na saka yuro biyu, wato jika da dala sittin. Aka zubo mini miyar kabewa mai zafi, shinkafa da kifi, guntun cuku da tuffa ɗaya. Wata tsohuwa mai rawar hannu ta tambayi sunana, ta maimaita har sau uku don ta riƙe. Mako na gaba da sunan ta tarbe ni. Ba wanda ya tambayi addinina, ba wanda ya yi mini wa'azi. Wani wurin sukan yi gajeriyar addu'a kafin a ci. Ka yi shiru cikin ladabi, ka yi bismillarka.

Kuɗin nan kaɗan da ake karɓa kada ka raina su. Ba su biyan ko rabin abin da ke cikin faranti, amma suna sa mutum ya zauna a matsayin wanda ya biya, kansa a ɗage. In kana da su, ka saka. In babu, ka faɗa wa mai kula da ƙofa a hankali.

Inda za ka buɗe ido shi ne naman alade. Ba kullum ake ganinsa ba. Sukan yanka shi ƙanana su zuba cikin wake ko taliya, sunansa lardons, ga kuma jambon, shi ma naman alade ne, cikin burodi, wani romon kuma da giya ake dafa shi. Tun kana layi ka ce "sans porc, sans alcool", wato ban da alade, ban da giya, sun saba jin haka. Sauran nama ma ba lalle yankan Musulmi ba ne, don haka ni kifi da ƙwai da ganye nake zaɓa. Da azumi na riƙa zuwa da ɗan kwano mai murfi, su zuba mini in tafi da shi buɗa baki.

Sunayen da za ka riƙe: Secours Catholique, wadda aka kafa a 1946, 'yar'uwar CADEV ce da muka sani nan Nijar, duka ƙarƙashin Caritas suke, ƙungiyar agaji ta majami'ar Katolika. Akwai Armée du Salut ta Furotesta. Restos du Cœur, tun 1985, ba ta majami'a ba ce, kyauta take bayarwa amma sai ka yi rajista. Akwai kuma Secours Islamique France. Ranaku da lokuta sun bambanta daga gari zuwa gari, wani zauren sau ɗaya a mako yake buɗewa, sai ka je ofishin magajin gari ka nemi CCAS, sashen taimakon mabukata, su ba ka takardar wuraren da ke kusa da kai. Ɗalibi ya fara da gidan abincin CROUS, hukumar kula da walwalar ɗaliban jami'a. Wanda dare ya yi masa babu makwanci ya kira 115, kiran kyauta ne.

Da na samu aiki ban daina zuwa ba, sai dai na koma ɓangaren wanke-wanke ranar Asabar. Can bakina ya saba da irin faransancin da ba a koyarwa a lakwal, can kuma wani tsohon malami ya gyara mini wasiƙar neman ɗaki. Ranar da aka bar mini tukunya na dafa musu shinkafa da wake da soyayyar albasa. Na ce wa ɗan yayata ya saka yajin uwarsa cikin jaka, a rufe shi da kyau.