Ga masu son shuka foxglove a Ingila

'Yan uwa mazauna Ingila, in za ku shuka furen foxglove a bayan gida, kada ku binne irin. Ƙanana ne ƙwarai, kuma sai sun ga haske suke tsirowa. Ku barbaɗa su kan ƙasa mai laima a Yuni ko Yuli, ku ɗan danna, shi ke nan. Ya fi son inuwa-inuwa, kamar gindin shinge.

Shekarar farko ganye kawai yake yi, kwance a ƙasa, kar a tuge a ce ciyawa ce. A ta biyu zai miƙe ya haura mita 1, furanni na reto.

Amma fa dafi gare shi, ganye har iri, yana yi wa zuciya illa. A sa safar hannu, a nisanta shi da wurin wasan yara.