Yadda ake rage tsaikon gem a intanet ɗin layin tarho

Sababbin shiga duk burinsu ɗaya ne: su ga gudun 56k, wato kilobit 56 a daƙiƙa, a kusurwar allo. To, ba za ka gan shi ba. Ma'aunin V.90 na 1998 na modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya ce 56, amma a Amurka ƙa'idar ƙarfin wutar layi ta tsayar da shi a 53, aikawa kuwa ba ta wuce 33.6. In Windows ta nuna maka 115,200 ma kada ka yi murna, gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne. Abin da gem ke so shi ne ping mai natsuwa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar (kwamfutar da ke ɗauke da wasan) ya dawo, a milisakan; ƙarami ya fi kyau. Amma 200 da ke zaune daram ya fi 150 mai tsalle-tsalle.

Fara da layin. Ɗaga kan tarho, danna lamba ɗaya, ka kasa kunne. In ka ji ƙaraƙara ko wani shuuu, kada ka ɓata lokaci a kan saiti. Cire duk abin da ke jone a layin: faks, tarhon ɗaki, komai. Sa gajeriyar waya daga bango kai tsaye zuwa modem, nesa da wayoyin lantarki. Kashe jiran kira. A Amurka *70 ake sawa gaban lambar da ake bugawa.

Sai modem ɗin kansa. Mai arhar nan na cikin kwamfuta, Winmodem, da ƙwaƙwalwar kwamfutarka yake aiki, ita kuma gem ya riga ya cinye ta. Nemi na waje, irin na US Robotics mai jonawa ta siriyal. Na hannu ba shi da tsada, sai dai in kwamfutarka ba ta da wannan ramin, ka sayi adafta.

Ga inda mutane ke faɗuwa. Modem yakan kama gudun da ya fi ƙarfin layin, a ce 50,666. Kana cikin wasa hayaniya ta shigo, sai ya tsaya yana sabunta yarjejeniya da na kamfanin intanet. Daƙiƙoƙi ne kawai, amma a gem ɗin Quake III za ka ga alamar soket ɗin tarho ta bayyana, kowa ya daskare, kafin hoto ya dawo an riga an kashe ka. Mai sabon hannu sai ya katse, ya sake bugawa har ya samu gudu mafi girma, wato ya ƙara wa wuta fetur. Maganin shi ne ka rage da kanka. A Windows 98 shiga Modems, Properties, Connection, Advanced, a akwatin Extra settings ka rubuta +MS=V34 idan cif ɗin da ke cikin modem ɗin na kamfanin Conexant ne; tsofaffin Rockwell +MS=11 suke ji. Wannan zai tsayar da kai a 33.6 ko ƙasa. Saukar da fayil zai yi nauyi, na sani. Ajiye saiti biyu, ɗaya na wasa, ɗaya na lilo.

A wannan akwatin kashe matse bayanai: %C0 a Rockwell, &K0 a US Robotics. Matsewa na amfanar rubutu, ƙananan saƙonnin gem kuwa jinkiri kawai take ƙara musu. Wasu na kashe gyaran kuskure ma. Kada ka yi, musamman a layi mai hayaniya.

Cikin gem, saita rate, wato yawan bayanan da sabar za ta turo maka a daƙiƙa, daidai da layinka. Quake III na ba 56k 4000, na 33.6 kuma 3000. In ka zarce, sabar za ta turo abin da layin ba zai iya haɗiyewa ba. Kunna cg_lagometer 1, ma'aunin tsaiko na cikin gem ɗin, ka ga sakamakon da idonka.

Sauran ba wuya. Rufe imel da duk manhajar da ke sabunta kanta, zaɓi sabar kusa mai 'yan wasa kaɗan, ka gwada wata lambar kamfanin in suna da fiye da ɗaya. Kamfanonin ma sun yi ƙaranci tun da AOL ta Amurka ta rufe hidimar intanet ta layin tarho a ƙarshen Satumban 2025, don haka duba ko lambar ta cikin gari ce kafin kuɗin kira ya tarar maka.