Yadda Ake Gane Ko Nasarorin Ƙungiyar Hokin Matasa a Jere Ƙarfi Ne ko Sa'a

A Kanada, inda hokin ƙanƙara ya zama wasan gari, da zarar ƙungiyar matasa ta ci wasa goma a jere sai magoya baya su fara maganar kofi. Tsawon jerin kuwa ba ya nuna ƙarfin ƙungiya shi kaɗai. Ana samun ƙungiyar da ta fi kowa da gaske, ana kuma samun wadda mai tsaron gidanta ya yi makonni uku hannunsa da zafi. Lissafin da ke raba su bai fi ƙarfin mai Excel ko Google Sheets ba, muddin ya tattara alƙaluman da suka dace.

Matasan da ake nufi su ne 'yan shekara 16 zuwa 20 da ke buga manyan gasanni uku na ƙasar: OHL a Ontariyo, WHL a yamma, da QMJHL a Kwibek da gabar gabas. Wasa zango uku ne, kowanne minti 20. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa biyar da mai tsaron gida. Abin da ake bugawa faifan roba ne baƙi, amma a nan za mu ce ƙwallo don sauƙi.

Ka fara da tantance irin jerin da ke gabanka, domin nan ake yawan cakuɗa abubuwa. Nasara a jere daban, rashin shan kashi a jere daban. London Knights ta buɗe kakar 2004-05 da wasa 31 ba a doke ta ba, amma 29 ta ci, biyu aka tashi canjaras, domin a lokacin ana yin canjaras. Kitchener Rangers kuwa a 1983-84 wasa 25 ta ci cur a jere, kuma Rouyn-Noranda Huskies ta kamo wannan adadi a 2018-19. A yau ba a tashi canjaras. Wanda ya ci yana da maki 2, wanda aka doke a ƙarin lokaci ko a bugun daga kai sai mai tsaron gida yana da maki 1. Saboda haka akwai jeri na uku, wato samun maki a jere, wanda ƙungiya za ta iya ci gaba da shi alhali an doke ta sau uku. Rubuta a saman takardarka wane iri kake aunawa.

Daga nan ka buɗe takardar sakamakon kowane wasa a shafin gasar, ka ba kowane wasa layi ɗaya. Ga abin da za ka cika: kwanan wata, abokin karawa, gida ko waje, ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka zura wa ƙungiyar, bugun da ya nufi raga na kowane ɓangare (zango-zango in akwai), wanda ya tsare gida, da ko wasan ya ƙare a minti 60 ko ya zarce. Ka ware gurbi na musamman ga ƙwallayen da aka ci lokacin da aka fi abokin karawa yawan mutane, wato sa'ad da aka kori ɗan wasansu na minti biyu ko biyar. Haka ma waɗanda aka zura a ragar da ba kowa. Kada ka tsaya a wasannin jerin kawai. Sai ka cika na duk kakar kafin jerin, domin da su za ka gwada.

Ƙwallon raga marar mai tsaro ka cire shi tun da wuri. Ƙungiyar da ake ci da ƙwallo ɗaya takan fitar da mai tsaron gidanta a minti na ƙarshe ko biyu don ta ƙara ɗan gaba, sai a zura mata daga nesa. Wasan da a zahiri 3-2 ne sai ya fito 5-2 a takarda. Idan ba ka cire su ba, za ka ɗauka an yi wa abokin karawa kaca-kaca alhali da ƙyar aka sha.

Yanzu sai zuciyar aikin. Lissafi uku ne. Na farko, kason bugu: bugun ƙungiyar a raba da jimillar bugun ɓangarorin biyu. Na biyu, kason ci: ƙwallayen da ta ci a raba da bugunta. Na uku, kason tarewa: bugun da masu tsaron gidanta suka tare a raba da duk wanda aka yi musu. Idan ka haɗa na biyu da na uku ka sami abin da masu lissafin hoki ke kira PDO. Idan an rubuta su kashi cikin ɗari, a gasar gaba ɗaya dole ya zama 100, domin kowane bugu ko dai ya shiga ko an tare shi. Ƙungiyar da ta yi sama da 100 sosai, ko dai tana da gwanaye na musamman, ko kuma sa'a ce ke tafe da ita.

Ga misali na koyarwa, da alƙaluman da muka ƙaga don a ga hanyar. Ƙungiya ta ci wasa goma a jere. Ta yi bugu 340, an yi mata 300. Ta ci 45, an ci ta 21, bayan an cire na raga marar mai tsaro. Kason bugunta kashi 53 ne cikin 100, rinjaye ne amma ba mai yawa ba. Kason cinta 13.2, kason tarewa 93.0, PDO ɗinta 106.2. To a wasannin da suka gabaci jerin, a ce kason cinta 10.5 ne, tarewa 90.0. Ɗauki waɗannan tsofaffin kason ka ɗora su a kan bugun wasanni goman: 340 sau 0.105 ya ba da ƙwallo kusan 36, kashi 10 na 300 kuma 30 ne. Ratar da ta kai 24 ta dawo 6. Ƙwallaye 18 ke nan suka fito daga abin da ba a saba gani daga ƙungiyar ba.

Me rata 6 ke nufi a yawan nasara? Akwai ƙiyasi mai sauƙi: ka ninka ƙwallayen da aka ci da kansu, ka ninka waɗanda aka zura da kansu, sannan ka raba na farko da jimillar biyun. Da 45 da 21, 2025 a raba da 2466, ya ba da 0.82, wato nasara takwas cikin goma. Da 36 da 30, 1296 a raba da 2196, ya ba da 0.59. Ƙungiya ce mai kyau da ya kamata ta ci shida cikin goma, ta dace ta ci goma.

Mai tsaron gida shi ne inda ido ke yaudarar mutane, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Bugu 300 kaɗan ne ƙwarai wajen auna shi. Wanda ainihin kason tarewarsa 90 ne, sa'a kaɗai takan ɗaga shi ko ta sauke shi da kusan 1.7 a irin wannan adadi, wato ƙwallo biyar. Kaiwa 93 na makonni uku abu ne da ke faruwa ga mai tsaro na tsaka-tsaki lokaci zuwa lokaci ba tare da ya canza komai ba. Duba alƙalumansa na bara da na farkon kaka. Idan yaro ne ɗan shekara 17 da ya shiga 18, ci gaba na gaske yana yiwuwa, domin a wannan shekarun ana girma cikin watanni. Idan ɗan shekara 20 ne da ya yi kaka uku yana kan 89 zuwa 90, ka sa ran zai koma kan tsohon kasonsa.

Shi ma kason bugu yana da tarkonsa. Ƙungiyar da ke gaba da ƙwallo biyu takan ja baya a zango na uku tana kare abin da ta samu, sai wadda ake ci ta yi ta ruwan bugu daga nesa. Hakan yana rage kason ƙungiyar da ke yawan nasara, ya sa ta yi kama da mai rauni. Maganinsa ka lissafa kason zango biyu na farko kaɗai, ka kwatanta da na wasan duka. Sannan masu ƙirga bugu mutane ne da ke zaune a filin gida, wasu hannunsu a sake yake, wasu a matse. Idan kason ƙungiyar a gida ya fi na waje da tazara mai ban mamaki, ka fi yarda da na waje. Mai bidiyon wasanni da haƙuri zai iya ƙirga duk yunƙurin bugu lokacin da kowane ɓangare ke da 'yan wasa biyar, har da wanda ya bauɗe da wanda aka tare da jiki. Wannan shi ake kira Corsi, kuma ya fi bugun raga saurin nuna wanda ke riƙe da wasa, domin adadinsa ya fi yawa.

Kirga kuma wasannin da aka ci da ratar ƙwallo ɗaya, da waɗanda suka kai ƙarin lokaci. Ƙarin lokaci, inda kowane ɓangare ke da 'yan wasa uku, da bugun daga kai sai mai tsaron gida sun kusa zama jefa kwabo. Jerin wasa goma wanda biyar daga ciki suka ƙare haka, zare ne siriri ke riƙe da shi.

Jadawali a hokin matasa ya fi na manya tasiri, domin tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyi babba ce. Wasu suna sayar da manyan 'yan wasansu don su gina gaba, suna fitowa da yara 'yan 16 da 17. Rubuta kason makin kowane abokin karawa a ranar da aka buga, ba na ƙarshen kaka ba, ka ɗauki matsakaici. Lura da wanda ya zo a gajiye, wasansa na uku cikin kwana uku bayan doguwar tafiya a bas. Lura da ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, lokacin gasar matasa ta duniya, sa'ad da ƙungiyoyi ke rasa taurarinsu. A farkon Janairu kuma ake rufe musayar 'yan wasa. Idan jerin ya fara bayan an sayo ɗan baya gwani ko sabon mai tsaro, tsofaffin alƙaluman ba za su yi adalci ba, domin ƙungiyar ta canza da gaske.

Wane irin abin mamaki ne jeri na goma? Ƙungiyar da ke cin kashi 70 na wasanninta, damar ta ci goma masu zuwa duka ita ce 0.7 a ninka da kansa sau goma, kusan kashi 2.8. Amma kakar OHL wasa 68 ce, kuma jerin yana iya farawa a ko'ina. Idan aka lissafa haka, damar ta kai kusan huɗu cikin goma. Ga mai cin kashi 60 kusan ɗaya cikin bakwai ce, ga mai cin rabi kusan uku cikin ɗari. Jeri na 25 kuwa sai ƙungiyar da ta fi tsaranta nesa, kamar Huskies da ta ci wasa 59 a kakar 2018-19 ta kuma ɗauki Memorial Cup na 2019, kofin da zakarun gasannin uku ke takara a kai. Duk da haka Kitchener ta 1984 ta kai wasan ƙarshe na wannan kofi a gidanta, Ottawa 67's ta doke ta.

Mataki na ƙarshe, rubuta hasashenka da kwanan wata kafin a buga wasa na gaba: nasara nawa kake tsammani cikin goma masu zuwa, bisa ƙiyasin da ka yi da tsofaffin kason. Bayan wasa goman ka sake cika layukan. Idan kason bugu na zango biyun farko ya tsaya sama da 55 kuma PDO ya sauko kusa da 101 ko 102 amma ana ci gaba da cin bakwai ko takwas, ƙungiyar mai ƙarfi ce. Idan kason bugu yana yawo a 50, sai ka koma gurbin mai tsaron gida ka duba ranar da kason tarewarsa ya fara sauka.