Yadda ake takawa zuwa mahaɗar layukan taswira a dajin arewacin Suwidin

Layukan nan da ake zanawa a taswirar duniya, na kwance da na tsaye, duk inda biyu suka gicciye juna a kan cikakkiyar lamba ana kiran wurin mahaɗa. Wani Ba'amurke, Alex Jarrett, ya fara neman irin waɗannan wurare da GPS a shekarar 1996, abin ya zama aikin sa-kai na duniya. Ƙa'idar ita ce ka kusanci wurin da tazarar da ba ta wuce mita 100 ba, ka ɗauki hoton gabas, yamma, kudu da arewa, sannan hoton fuskar na'urar.

Ni da abokin karatuna mun zaɓi digiri 68 arewa, 19 gabas. Daga garin Kiruna da ke arewacin Suwidin ana shiga motar bas zuwa Nikkaluokta, inda kwalta ta ƙare. Daga nan mahaɗar tana kusan kilomita 17 arewa, in da tsuntsu ne kai. Ga mai ƙafa da jakar goyo, ka ware kwana uku zuwa huɗu.

Tun a ɗaki ake cin rabin tafiyar. Saita GPS ɗinka a kan WGS84, wato tsarin auna wurare a doron duniya, domin da shi ake lissafin mahaɗa. Sayi taswirar takarda da kamfas, ka sa taswirar cikin leda. Sanyi na shanye batir da wuri, don haka wayata da fawa banki a aljihun ciki nake ajiye su, da dare kuma cikin jakar barci. Ka bar wa wani bayanin hanyarka da ranar da za ka dawo. Lambar gaggawa 112 ce, amma sabis yakan ɗauke a tsakanin duwatsu.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka bi kibiyar na'ura. Kibiya ba ta san taɓo ba. Ranar farko mun biye mata, ta kai mu cikin wani dausayi mai ciyawa shar, kamar an shimfiɗa darduma. Taku na uku ƙafata ta nutse har gwiwa, ruwan kuwa kamar daga firiji. Awa biyu muka yi kafin mu ci kilomita ɗaya. Daga nan muka koma karanta taswira: mu bi gefen tudu inda ƙasa ta bushe, mu kewaye surƙuƙin gajerun itatuwan da ke bakin rafi, ko da zagayen ya ninka hanya. Da ka haura inda bishiyoyi suka ƙare, tafiya na sauƙi, ido na gani nesa.

Rafukan narkakkiyar ƙanƙara ce, sukan cika da yamma. Ka tsallake da sassafe, a inda ruwan ya yi faɗi ya rage ƙarfi, ka kwance bel ɗin jakarka, ka dogara da sanda. Kada ka shiga ba takalmi. In ruwa ya wuce gwiwa yana gudu, haƙura ka nemi wani wurin.

A watan Yuli sauro ya fi na damina a gida yawa, sai da ragar rufe fuska. Ƙarshen Agusta ya fi daɗi. Dokar ƙasar ta yarda ka kafa tanti dare ɗaya ko biyu a daji, amma yankin makiyaya ne na 'yan ƙabilar Sami. In ka hango garken dabbobinsu masu kama da barewa, tsaya cik ka bar su su wuce.

Salla ma sai da shiri. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa, sai ka tambayi malami lokutan da za ka bi tun kafin ka tashi. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar a Kano, kudu ce ta ɗan karkata gabas. Sai da na duba kamfas sau biyu kafin zuciyata ta yarda.

Mita hamsin na ƙarshe su ne masu cin rai. So ake GPS ta nuna digiri cif, sauran lambobin duk sifili, amma lambobi na rawa, ka matsa hagu su gudu dama. Ajiye jaka, riƙe na'urar a tafin hannu, yi taku ɗaya ka jira daƙiƙa goma. Mun kai minti ashirin muna haka kafin sifilai su jeru, na danna hoto hannuna na karkarwa. Ba alama a wurin, ba turke, dutse ne mai gansakuka da iska. Muka ɗauki hotuna huɗu, muka dafa shayi, na sake safa, muka juya tun hazo bai sauko ba.