Zaɓen babur mai gudu da kuma daɗin goyo a hanyoyin Jos

Wanda ke son babur ɗin da zai murɗa wa totur shi kaɗai ranar Asabar, kuma ya goya uwargida zuwa Abuja ba tare da ta sauka tana dafe da ƙugu ba, ya fara ɗauke ido daga irin su Yamaha R6 da Honda CBR600RR. Don filin tsere aka ƙera su. Ƙarfinsu ba ya fitowa sai inji ya yi ƙara sosai, kujerar baya kuwa ko tafin hannu biyu ba ta cika ba. Su Bajaj Boxer kuma suna da juriya, amma da goyo a hawa sai kuka.

Abin da muke ba da shawara shi ne mai silinda biyu, mai girman inji daga kusan cc 500 zuwa 700, wanda ake zama a kansa a miƙe: Honda CB500X mai cc 471, Suzuki V-Strom 650 ko Kawasaki Versys 650. Irin wannan inji yana ja tun daga ƙasa, ba sai an yi ta sauya giya ba, don haka hular kwanon na baya ba za ta riƙa dukan taka ba. Ka tuna Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200. Iska ba ta da kauri a nan, inji kan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa, mai kafireta ya fi jin jiki. Babur ɗin da ya isa a Legas zai iya gazawa a Hawan Kibo, doguwar hawan da ke hanyar Akwanga zuwa Jos, da mutum biyu da jaka.

Sai lissafin nauyi. Littafin babur yana faɗin iyakar abin da zai ɗauka, a wannan aji yawanci tsakanin kilo 180 da 210 ne. Kai kilo 85, ita 70, huluna da riguna 10, akwati da kaya 20, ga 185 ke nan.

Inda aka fi yin sakaci shi ne shokozoba ta baya. Idan goyo ya hau baya ya nutse, gaba ya yi sakayau: kan babur ya ƙi juyawa a kwana, fitila ta haska sama, ƙarfen da ake jingine babur a kai ya riƙa kartar kwalta. Nemi wanda ake ƙara wa sifirin tauri. V-Strom yana da maɓallin da ake murɗawa da hannu, haka ma Versys daga ƙirar 2015. Ƙa'idar ita ce, in kowa ya zauna, kada baya ya sauka fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokozoba. Iskar tayar baya ma ana ƙara ta, adadin yana rubuce a takardar da ke manne kusa da kaca.

Birki ya zama faifai biyu a gaba in da hali (tsofaffin CB500X ɗaya ne), kuma da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, saboda ruwan damina da yashin da ke kwararowa bakin titi. A gangara mai tsawo birkin baya kan yi zafi ya daina kamawa in an dogara da shi, sai a sauko giya inji ya riƙe.

Kada ka biya kuɗi sai wadda za ka riƙa goyawa ta hau. Ta duba ko gwiwarta ta naɗe da yawa, ko akwai marikin hannu, ko salansa na gasa mata ƙafa. Kai kuma ƙafafunka su taɓa ƙasa sosai, domin kujerar Versys ta kai kusan santimita 84, kuma riƙe babur mai kilo 200 da ɗoriya da goyo a cunkoson Terminus da ke tsakiyar Jos ba wasa ba ne.

In na hannu ne, je da bakanike, kuma a tayar da injin yana sanyi. Duba ƙafafun gaba ko suna tsiyayar mai, haƙoran kaca ko sun lanƙwashe, da lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, taya ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Lambar jikin babur ta yi daidai da ta takardar kwastan, sannan ka tambayi masu sayar da kayan gyara ko suna da takalmin birki da matatar mai ta wannan ƙirar kafin ka miƙa kuɗi.