Ga masu shirin gangamin tsaftar unguwa kafin damina

Jama'a, in za ku tara roba don sayarwa, ku raba ta tun daga gida, domin 'yan jari bola ba sa biyan kuɗi mai kyau a kan kayan da aka cakuɗa. Kowane gida ya ajiye buhu uku.

Na farko na gorar ruwa da ta lemo, masu lamba 1 a gindi. A cire murfi, a taka ta ta lotse, buhu zai ci ninki biyu ko fiye. Gorar da aka zuba manja a ciki a ware ta, takan rage darajar sauran. Na biyu na jarkoki da fasassun bokitai.

Na uku shi ne na ledar fiya wata, kuma nan aka fi yin kuskure. Mutane kan cusa ta da ruwa a ciki, bayan kwana biyu ta yi wari, mai saye ya zabge nauyi. A yaga ta, a shanya ta bushe sarai tukuna. Ita ce ke toshe kwatoci in ruwa ya sauka, sauro ya samu wurin hayayyafa.

Don Allah kada a ƙona ta, hayaƙin na cutar da ƙirjin yara da masu asma.

Shara mai ruɓewa kuma, kamar ɓawon doya da ragowar kayan miya, a haɗa ta da toka da kashin awaki a rami, a riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata uku ya zama taki. A Kano, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta fi dacewa da tara robar, sai ku sanar da mai unguwa tun da wuri.