Yadda ake buɗe bakin yaro da Rashanci ta hanyar wasa da aikin hannu

A birnin Voronezh na ƙasar Rasha na yi karatu, can na haɗu da uwar ʼyaʼyana. Bayan mun dawo Kaduna, Hausa ta mamaye gidan, har ta kai ʼyarmu mai shekara 4 ba ta iya amsa wa kakarta mai magana da Rashanci idan ta kira ta bidiyo. Tsohuwa tana ta magana, yarinya sai ido. Abin ya tsaya mini a rai. Ga hanyar da muka bi, ga duk iyayen da ke son ɗansu ya kama wannan harshe.

Da farko ku ware wuri da lokaci. Mu tabarma ɗaya muka shimfiɗa bayan la'asar, minti 20, duk wanda ya hau ta da Rashanci zai yi magana. Kada ku kira shi darasi.

Sai ku fara da kalmomin da hannu ke buƙata: "dai" (ba ni), "na" (ungo), "vot" (ga shi), "gde" (ina), "yeshcho" (ƙara). Ku riƙe abin da yaron yake so a hannunku, ku faɗi kalmar, ku ɗan jira. Ranar da ya ce "dai" da kansa, ku miƙa masa nan take.

Daga nan ku kawo yumɓu. A ganina wannan mataki ya fi kowanne albarka, domin yaranmu dama sun saba gina shanu da laka bayan ruwan sama. Rashawa ma suna da irin wannan gado: a Dymkovo, kusa da birnin Kirov, an shafe ɗaruruwan shekaru ana gina ʼyan dabbobin yumɓu, a shafe su da fari, sannan a yi musu ado da launuka masu haske. Ku gina "korova" (saniya), "ryba" (kifi), "koshka" (kyanwa), kuna kiran sunan kowace gaɓa da kuke liƙawa. Idan sun bushe sai fenti, launuka kuma su shigo da kansu. A nan ɗan Hausa yana da sa'a. Ya riga ya san ana cewa farin gida amma farar mota, don haka "bely dom" da "belaya mashina" ba za su zame masa baƙo ba. Ku dai lura, abin da Bahaushe ke kira shuɗi suna biyu gare shi a wurinsu: "siny" mai duhu, "goluboy" mai hasken sama.

Idan ya yi kuskure kada ku ce ba haka ba ne. Ku maimaita maganarsa daidai, ku ci gaba da aikinku. Na taɓa gyara wa ʼyata sau uku a jere, ta kwana biyu ba ta hau tabarmar ba.

Bayan mako biyu ko uku ku ƙara wasan ɓuya, wato "pryatki". Mai nema ya rufe ido ya ƙirga "raz, dva, tri", ya yi kira "gde ty?" (kina ina), mai ɓuya ta amsa "ya zdes" (ina nan). Ranar hutu kuma a shiga kicin a yi "pelmeni", kwaɓin fulawa da ake ƙunsa niƙaƙƙen nama a ciki a dafa a ruwa. Mu naman sa muke sawa. Yaro na naɗewa yana ƙirgawa.

Haruffa su zo a ƙarshe. Guda 33 ne, wasu kuma suna rikita ɗan boko: Н tana ba da sautin n, Р sautin r, С sautin s. Ku fara da А, К, М, О, Т waɗanda ya sani, ku murza su da yumɓu, ya haɗa МАМА da hannunsa.

Abu ɗaya ku shirya masa: yaran Rasha kaka mace suke kira "baba". ʼYata ta daɗe tana juyowa ta dube ni idan an faɗi kalmar. Bayan wata huɗu, wata Juma'a da yamma, ta ɗaga saniyarta ta yumɓu gaban waya ta ce, "Baba, vot korova!" Tsohuwar ta sa hannu ta rufe baki, ta ce a ƙara matso mata da saniyar ta gani da kyau.